Wankan Motar Alhaji Zarami

Mata masu wanki ne suka fara hango rufin motar. Fari fat, yana leƙowa daga cikin jan ruwan Komadugu, daidai inda hanyar ƙauyen ke gangarowa daga kwalta ta nutse. Suka watsar da wanki suka yi ta salati. Kafin rana ta yi zafi an nemo tarakta daga Shetimari, aka ɗaura igiya aka ja, motar ta fito tana aman laka ta kowace kafa. Ba wanda ya tambayi ta wa ce. Farar kat-kat ce, irin motar nan mai ratsa daji, ta Alhaji Zarami, babban dillalin tattasai ɗan ƙauyen, wanda yanzu ya fi zama Diffa. Direbanta ma ɗan gari ne, Abbakar, mijin Fanna. Aka buɗe ƙofofi, aka leƙa har ƙarƙashin kujeru sai ka ce allura ake nema. Babu shi.

A shekarar kogi ya haura gaɓa ya ci gonaki, ya ci rumbuna, ya kwantar da rabin ƙauyen. Mutumin da ruwa ya yi wa ɓarna ba ya iya marin ruwa, sai ya waiwaya ya ga wa ke kusa. Wanda ke kusa a ranar Maikano ne, ɗan gudun hijira daga tsallaken kogi, mai kwalekwalen da ke fiton mutane tsakanin ƙauyen da bakin hanya tun da ruwa ya raba su. Yana tsaye cikin taro yana kallo kamar kowa, sai wani ya dubi ƙafarsa.

"Kai! Wannan ba takalmin Abbakar ba ne?"

Shi ne kuwa. Jan takalmin fata ɗinkin Damagaram, wanda duk garin an gaji da jin labarin yadda aka saye shi. Mutanen da jiya Maikano ya tsallakar da su da awakinsu suka rufe shi da duka. Da mai garin, Bulama Kalli, bai shiga tsakani da sandarsa ba, da a nan aka gama shari'ar. Ya sa aka ɗaure shi a zaurensa, ya ce zai riƙe shi har a sauko daga Juma'a. In ba wata magana ta fito ba, a kai shi ga sojojin shinge.

Kowa ya san ma'anar wannan. A kwarin nan, baƙon da aka miƙa wa soja da kalmar yana da hannu da mutanen daji, ba a tambayar ranar dawowarsa.

*

Bulama ya aika a kira Maina, tsohon mai bin sawu. Rabin shanun da aka sace tsakanin Maine da Bosso shi ya komo da su, ɗaya rabin kuma ya san cikin da suka shiga. Ya iso da sandarsa, ya je mashigin, ya dubi inda ƙafafun duk garin suka tattake, ya dubi ruwan, ya dawo zaure.

"Bulama, ka aiko in bi sawu a kan ruwa? Ai da kifi ka kira."

"Baba Maina, ni dai ka duba mini. In shi ne, in miƙa shi da zuciya ɗaya. In ba shi ba ne, kada in tashi da shi rataye a wuya gobe kiyama."

Maikano na jingine da bango, ido ɗaya a kumbure. Maina ya tsuguna gabansa.

"Ina ka sami takalmin?"

"Kan ruwa, Baba. Da sassafe na fito, na gan shi maƙale a ciyawa, ƙafa biyun a ɗaure da juna. Tun da ruwan nan ya zo me ban tsinta ba? Tukwane, tabarmi, har ƙofar ɗaki."

"Ba ka gane shi ba?"

"Na gane. Na ce in kai masa gida." Ya sunkuyar da kai. "A'a, ƙarya nake. Ban taɓa sa irinsa ba. Na ce in sa shi na yini ɗaya."

Maina ya daɗe yana dubansa. Ya ga ɓarayi da yawa, bai taɓa ganin wanda ya kashe mutum ya sa takalminsa ya zo kallon motarsa ba. Amma wauta ba shaida ba ce, ya ga wawaye masu kisa ma. Abin da ya tsaya masa shi ne ɗaurin. Wanda ruwa ke shigo masa ta taga ba ya tsayawa ɗaure takalmi.

*

A ƙofar gidan Fanna an riga an shimfiɗa tabarmi, dattawa biyu na zaune suna jiran a fara makoki ko a kawo shayi, duk wanda ya riga. Su suka tari Maina da sabon labari. Ai Abbakar bai mutu ba, sun ji ya sayar da kayan Alhaji ya haura Jado haƙar zinariya, matarsa ma ta sani.

Fanna na tsakar gida tana shanya ɗan geron da ta tsamo daga rumbu. Ba ta yi kuka ba. Idanunta sun bushe irin na wanda bai yarda da abin da ake gaya masa ba.

"Ɗiyata, an ce mijinki ya tafi Jado."

"Ba takalmi, Baba?"

"Haka na ce musu."

"Takalmin nan ya fi son shi da ni. Ba ya cire shi sai zai yi salla, ko zai shiga ƙarƙashin mota. In zai shiga, sai ya ɗaure su ya ajiye kan kujera, wai kada baƙin mai ya taɓa."

"Da zai tafi me ya ce?"

"Ya ce Alhaji ya kira shi aiki. Bai ce ina ba. Tun da aka kafa shingayen nan na daina tambaya, shi ma ya daina faɗa."

"Alhajin ya zo?"

"Ranar da aka tsamo motar, kafin la'asar. Da buhun gero da sukari. Ya ce shi ya aiko shi ya kwashe busasshen tattasai kada danshi ya lalata, ashe ajali ne ke kira. Ya ce wa Liman a yi masa salla irin ta wanda ba a ga gawarsa ba, in shiga takaba. Liman ya ce a dakata." Ta kakkaɓe hannu. "Baba, ko kaza ce ta ɓata ai akan kwana ana nema."

*

An kai motar Diffa, garejin Mamane, wani Badamagare mai yawan magana da ke bayan tasha. Maina ya same shi da motoci jere a bakin katanga, duk waɗanda ambaliya ta sha, kowace da layin laka a jikinta. Ta Alhaji na can tsakiya, an cire kujeru an baza a rana, an buɗe ta ko'ina kamar ragon da aka feɗe. Ƙasan wurin ya zama fadama. 'Yan garuwa na shiga suna fita.

"Baba, injin nan bai sha ruwa ba," in ji Mamane, yana goge hannu a wando. "In mota ta faɗa ruwa tana tafiya, inji yakan zuƙa, ƙarfen ciki ya lanƙwashe. Wannan lafiya lau. A kashe take aka tura ta, kuma inda ba zurfi."

Masu zaman gareji, waɗanda ba su da mota ba su da aiki, suka cafe zancen.

"To ka ji! Tare shi suka yi a mashigi suka kashe, suka tura motar."

"Baƙin nan, ka ba su inuwa su sare itacen."

 Zancen ya yi wa Maikano muni fiye da da, kuma Juma'a na matsowa. Maina na tsaye yana kallon ƙasa, sai Mamane ya ɗauki sifana ya wurga.

"Kai! Tafi can! Awakin unguwar nan sun haukace, wallahi. Tun da aka kawo motar nan ba su bar ni na sha iska ba. Jiya wata har cikin taya ta cusa kai."

Awakin suka watse, suka tsaya nesa kaɗan suna jira. Maina ya bi ƙasa da ido. Sawunsu ya shigo ta ɓarakar katanga, ya wuce motar farko, ya wuce ta biyu, ya wuce kwandon ɓawon kankana da wani ya zubar, bai karkata ba sai ƙarƙashin motar Alhaji. A nan ƙasa ta dame da kofato. Akuyar da ta wuce ɓawon kankana tana da dalili.

Ya ajiye sanda, ya kwanta da tsufansa ya shiga ƙarƙashi. A jikin shasi, wato dogayen ƙarafan da mota ke zaune a kai, akwai ƙananan huda. Ruwa na ɗiga daga cikinsu, kuma duk inda ya ɗiga ya bushe ya bar farin zobe. Ya cusa yatsa ya ƙwaƙulo laka. Baƙa ce, mai wari, ba jar lakar kogi ba. Ya ɗora a harshe, bakinsa ya ɗauki zafi.

Ya fito, ya ja Mamane gefe.

"Waɗancan da kogi ya sha, haka kake musu wanka?"

"Wanka kuma? Motar da ta fito daga ruwa? Ka juye mai, ka busar da wayoyi, ka kwance birki ka fitar da yashi, shi ke nan. Wannan ce Alhaji ya matsa mini. Tun ranar da aka sauke ta ya ce a wanke. Aka wanke, ya ce a sake. A tura tiyo cikin shasi, a ɓare bayan ƙofofi, a zare kowane kan waya a goge, a fesa gazuwal, man dizal, ko'ina. Na ce Alhaji, wannan ai aikin da ake yi wa motar da ta shiga…"

Ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"Ta shiga me?"

"Kanwa," Mamane ya faɗa a hankali. "Ruwan kanwa. In ba ka fitar da shi da wuri ba, kafin rani zai cinye wayoyi, ya huda shasi kamar gara."  "Baba, ni makanike ne. Mai mota ya ce wanke, sai in wanke."

"Ban ce ka yi laifi ba. Ina mota za ta sami ruwan kanwa har ƙofa a wannan lokaci?"

Mamane ya waiwaya, ya rage murya. Akwai hanyar daji ta arewa da Shetimari, wadda direbobi ke bi in suna ɗauke da abin da ba sa so a gani a shinge. Tana bi ta gefen wani kwari da ake cewa Kilbu. Da rani busasshe ne, a bi ta kansa a wuce. Bana an yi ruwa.

Suna cikin haka Alhaji Zarami ya shigo, cikin babbar riga ruwan ƙasa, da casbaha a hannu. Kafin ya gaida kowa sai da ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shafa, ya dubi yatsansa.

"Mamane, a ƙara ruwa." Sannan ya juyo. "A'a, Baba Maina! Wushe, wushe, sannu da zuwa. Ashe kai aka ɗora wa wahalar nan. Yaron kirki, wallahi kamar ɗana. Ni ina kwance da zazzaɓi aka zo mini da labari."

"Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji."

"Ai an kama mutumin. Me ya rage?"

"Tsufa ne, sai in yi ta yawo."

Alhaji ya yi dariya ya nufi inda aka shanya kujeru. Maina bai dubi fuskarsa ba, fuska kowa na iya gyara tasa. Ya dubi abin da ya bari a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafar hagu na buɗewa waje, diddige ya nutse, yatsu su ɗan ja. Tsohon rauni ne tun Alhajin na direba, kafin ya zama mai mota.

*

Maina ya ari doki a Shetimari ya haura arewa. Damina ta ɗauke, ba ruwan sama da zai goge komai. Hanyar dajin ba ta ɓuya ga kowa ba sai ga wanda aka biya kada ya gani.

Kwarin Kilbu na kwance tsakanin tuddan yashi, da goriba kewaye da shi. Ruwan ya fara janyewa, ya bar farin ɓawo a baki, mai ƙarfi kamar ƙanzo. Duk abin da ya taka wurin tun yana ɗanye, kanwa ta riƙe shi ta daskare.

Maina ya ɗaure doki ya bi a ƙafa. Ga inda mota ta shigo da nauyi, tayoyin baya sun nutse sosai. Direban ya yanki gefe, ruwa ya ruɗe shi, ta zurma har ƙofa. Ga inda aka yi ta fama da ita baya-baya har aka kawo ta bakin laka ta kafe. Mutum biyu suka sauko. Ɗaya ba takalmi, shi ya yi ta kai da kawo, ya saro ganyen goriba, ya jera ƙarƙashin tayoyi. Ɗayan ya tsaya wuri guda a kan busasshiyar ƙasa, kamar yadda mai kaya ke tsayawa. Ƙafarsa ta hagu na buɗewa waje.

Ga ramin da gindin kirik ya yi, ƙarfen da ake ɗaga mota da shi. Ramin ya karkace. Kusa da shi ƙasa ta lotsa da faɗin bayan mutum.

Maina ya ce, "Inna lillahi."

Kirik ya zame, mota ta danne wanda ke ƙarƙashi. Har nan ƙaddara ce, kowane direba ya san ta. Mai ƙafar hagu ya shigo cikin laka, ya sake kafa kirik, ya jawo mutumin ta hammata, diddigensa biyu sun ja layi har gindin wata goriba. A nan ya jingine shi. Sannan sawun ya koma wajen mota, bai sake fitowa ba. Tayoyi suka hau ganyen da aka jera musu, suka yi kudu.

Maina ya nufi goribar yana shirin abin da zai gani. Bai ga kowa ba. Gorar ruwa ce kawai ta roba a tsaye a inuwa, cike, murfinta a rufe.

Daga gindin itacen wani sawu ya fita wanda a duk shekarunsa na bin dabba da mutum bai taɓa bin irinsa ba. Tafin hannu, tafin hannu, gwiwar hannu, sai faffaɗan ja a tsakiya, na ƙafafun da ba sa motsi. Bai nufi inuwa ba, bai nufi rijiyar makiyaya da ke gabas ba. Ya hau kan sawun tayar ya bi shi.

Maina ya bi. Ya ga inda mutumin ya huta, ya ga inda ya ɗaga ƙirji a kan hannu biyu, kamar mai sauraron ƙarar inji. Ya ga ya ci gaba.  Sawun ya haura tudu guda ya gangara, ya fara na biyu. A nan ya ƙare.

Maina ya kwance rawaninsa ya lulluɓe gawar Abbakar. Ya saro ƙaya ya jibga don dila. Ya koma ya ɗauki gorar.

*

An sauko daga Juma'a zauren Bulama ya cika har waje. Alhaji Zarami ya zo daga Diffa, a matsayin mai ƙara, aka ba shi buzu kusa da Liman. Mamane na raɓe a bakin ƙofa, Maina ne ya sa aka zo da shi. Fanna na tsaye a ƙofar cikin gida. Maikano na inda yake, da igiya a hannu. Samari biyu sun riga sun tsaya a kansa.

Maina ya kwance ƙullin tsumma ya ajiye gaban Bulama.

"Daga cikin shasin motar na ciro. Ɗanɗana."

Bulama ya taɓa a harshe ya tofar. "Kanwa ce."

"Liman, kai ma." Liman ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. "To kogin nan tun kakanninmu ruwan daɗi ne. Kafin motar nan ta shiga kogi ta kwanta a Kilbu."

Aka fara gunaguni. Alhaji ya ja casbaha.

"To sai me, Baba Maina? Motar kasuwa ina ne ba ta shiga? Wataƙila yaron ya bi ta can da wani sha'aninsa. Ni ina kwance, ina zan sani?"

"Tambayata ke nan, Alhaji. Mamane, ranar da aka sauke motar, kanwa ta fito a jikinta?"

"A'a. A jiƙe take, laka ko'ina. Sai da ta fara bushewa."

"Wa ya ce a tura tiyo cikin shasi?"

Mamane ya dubi ƙasa. "Alhaji."

"Yaushe?"

"Tun ba a kwance igiyar ja ba."

Maina ya juya ga taron. "Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a ƙasar nan ya san kanwa, ya san ba a kwana da ita a jikin ƙarfe. Amma ba a yi mahaukacin da zai sayi ruwan garuwa ya wanke motar da ta kwana cikin kogi ba. Sai wanda ya san abin da ke cikinta. Alhaji, kana kwance da zazzaɓi, wa ya gaya maka?"

Casbahar ta tsaya.

Maina ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Ganyen goriba, ramin kirik, layin diddige. Ya ce duk mai shakka ya hau doki su koma, ƙafar hagun Alhaji na can a daskare, ba ta zuwa ko'ina kafin damina. Ya ce an kashe injin an tura motar inda ba zurfi, don a ce kogi ya ci direba, kuma kogin ya fara wankin. Sannan ya zo kan sawun tafin hannuwan.

"Da rai ka bar shi?" Muryar Liman ce.

"Taki ne a motar," in ji Alhaji. Ba Liman yake kallo ba, bango yake kallo. "Takin zamani cike, wanda soja suka hana wai ana haɗa bam da shi, ba takarda. Kun san abin da ake yi wa wanda aka kama da shi. In na kai shi asibiti sai ta shinge. Na ce in sauke kaya in dawo."

"Ka dawo?" Bulama ya tambaya.

"Bayansa ya karye. Ko na kai shi ba tashi zai yi ba, ku tambayi kowa." Ya dubi fuskokin da suka ci tuwonsa shekara da shekaru, bai sami wadda ta dube shi ba. Sai ya ɗaga murya, kamar wanda ya tuno hujjar da za ta wanke shi. "Na bar masa ruwa! Wallahi na bar masa ruwa!"

Maina ya zaro gorar daga cikin rigarsa ya dangwara a tsakiyar zaure.

"Ga shi. Bai buɗe ba. Hannu biyu yake tafiya da su, ba na ɗauka. Bayanka ya bi."

Daga ƙofar ciki aka ji wani sauti, ba kuka ba, kamar an taka mutum a ciki. Fanna ta zame ta zauna a ƙasa, mata suka yo kanta. Wani dattijo ya fita da gudu ya yi amai a gindin katanga. Samarin da ke tsaye kan Maikano suka dubi juna, ba su san inda za su sa hannuwansu ba.

Bulama ya tashi da kansa ya yanke igiyar. Ya ce a kira jandarma, a kuma nemi mota da likkafani, Maina zai nuna hanya. Ya juya ga Maikano.

"Tashi, bawan Allah. Ka yi haƙuri. Kuskure ne."

Maikano ya murza wuyan hannunsa. Ya dubi zauren, mutum bayan mutum, da idon da ke buɗewa. Waɗanda suka fi ƙarfin hannu ranar duka su ne yanzu suka fi ƙarfin salati. Ya ratsa su ya fita, suka buɗe masa hanya.

Washegari aka rufe Abbakar. Labari ya kai Shetimari da Diffa, masu gaisuwa suka yi ta sauka a bakin kwalta mota bayan mota, suka gangaro mashigi. Ba kwalekwale. Bukkar Maikano da ke bayan gari a buɗe take, ba tabarma ba tukunya. Wani makiyayi ya ce ya ga mutum da mace da kaya suna bin ruwa suna yin gabas tun da hantsi.

Maina na zaune a gaɓar ƙauyen yana jiran wanda zai fitar da shi gida. A ɗaya gaɓar mutane sun taru cikin manyan riguna, sun tattare su zuwa gwiwa, suna ɗaga hannu suna ƙwala kiran Maikano. Ya ajiye sanda, ya gyara zama.